Usta Awwalu da Hawan Hada

Duk wanda ya daɗe a unguwar Utaibiyya ta Makka ya san warshar gyaran mota ta Usta Awwalu, wadda take bayan gidan burodin tamis, inda tsoffin tayoyi suke jibge har sun kusa kamo rufi. A unguwar aka haife shi. Kakansa ne ya taso daga wani ƙauye na ƙasar Kano da niyyar Hajji, ya yi shekara bakwai a hanya, har noman auduga ya yi a Sudan, da ya iso kuma bai koma ba. Awwalu ya tashi da Hausa a cikin gida, Larabci a kan titi. Yana saurayi ya yi dako a Mina lokacin Hajji, kafin kawunsa ya kai shi wajen wani mai facin taya. A nan ne aka gane Allah ya hore masa hannu da kunne.

Sana'arsa mizani ce, wato saita ƙafafun mota su tsaya daidai don kada ta riƙa ja gefe ko ta ci taya. A zamanin babu na'ura, sai zare da alli da ido. Yakan shafa tafin hannunsa a kan taya ya faɗa wa mai mota irin tuƙinsa, wani ya ji kunya, wani ya yi dariya. Amma duk motocin da suke zuwa wajensa na kaya ne da na haya, da manyan motocin Amurka masu lilo kamar kwalekwale.

Wata ranar Laraba, a farkon shekarun tamanin, aka ji wani ƙugi da ba a saba ji ba a lungun. Wata koriyar mota ce ƙirar Jamus, mai ƙofa biyu, gajeriya har tana neman sharar ƙasa. Mai ita ya fito da ƙyar saboda tsawonsa. Sufyan ne, ɗan wani attajirin turare na unguwar Zahir, su ma asalinsu Hausawa ne.

"Ya Usta, motar nan so take ta kashe ni," in ji shi. "A miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau. Da na shiga kwana sai bayanta ya nemi ya riga gabanta."

Awwalu ya ɗaga murfin gaba don ya ga injin, sai ya tarar da wurin kaya. Sufyan ya kwashe da dariya, ya ja shi baya ya nuna masa. Injin yana can ƙarshen motar, bayan ƙafafun baya. Awwalu ya daɗe a tsugune yana kallo. Ya yi kwana biyu a ƙarƙashinta da zarensa, ya gyara tsayuwar ƙafafun, ya rage iskar tayoyin gaba ya ƙara wa na baya. Da ya gama sai ya ce shi dai ba zai ce ta gyaru ba sai ya ji ta da jikinsa.

Bayan sallar asuba suka kama hanyar Ɗa'ifa, wadda take hawa dutsen Hada. A lokacin siririya ce, kwana a kan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗayan. Sufyan ne yake tuƙi. Sun yi nisa da hawa sai ya shiga wata kwana da gudu, ya tsorata, ya ɗage ƙafarsa daga totur gaba ɗaya. Kafin Awwalu ya gama salati motar ta juya, ta tsaya tana kallon inda suka fito, bayanta taku ɗaya daga katangar siminti. Wasu birai da suke zaune a kan katangar suka watse da ihu.

Sufyan ya fito ya zauna a ƙasa. Sannan ya miƙa wa Awwalu makullin ya ce, "Halas, ya ishe ni. Ka kai mu."

Awwalu bai taɓa tuƙa abin da ya fi a-kori-kura ba. Ya ja a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Amma tun a kwana ta uku ya lura da wani abu: sitiyarin yana faɗa masa duk abin da tayoyin gaba suke takawa, ko yashi ne ko raɓa, kujerar kuma tana faɗa masa abin da na baya suke ciki. Da suka kai sama suka zauna shan shayi da na'ana'a, ya ce wa Sufyan, "Motarka ba ta da laifi. Nauyinta a baya yake. In ka sake totur a tsakiyar kwana, nauyin sai ya zubo gaba, tayoyin baya su saki ƙasa. Birkinka ka gama shi kafin ka shiga. In ka shiga kuma, ka riƙe ƙafarka."

Daga ranar, hawan Hada ya zama nasu duk safiyar Alhamis, har shekara goma sha ɗaya. Sufyan ya tuƙa a hawa, Awwalu a sauka, wani lokaci su yi musanya. Awwalu ya san kowace kwana da halinta. Akwai wadda take matsewa a ƙarshe bayan ta yaudare ka da faɗi a farko. Akwai wadda ruwan sama yake zubo wa tsakuwa, da wadda hazo yake jiƙawa a lokacin sanyi. Ya koyi cewa kafin taya ta saki ƙasa sai ta yi wani siririn kuka, sitiyarin kuma ya yi sakayau a hannu. A wajen nan yake tsayawa, ba ya ƙara ko kaɗan. Bai taɓa yarda ya yi tsere da kowa ba, samarin da suke biyo su da fitila sai ya ba su hanya.

Matarsa Mujahida ba ta son harkar. Takan kira shi da sunan babbar 'yarsu ta ce, "Abu Hanan, masu kuɗi suna wasa da ransu, kai kuma mene ne naka a ciki?" Sai ya dawo mata da rumman da kwandon furen Ɗa'ifa, ta karɓa tana mita.

Daga baya mahaifin Sufyan ya rasu, harkar turare ta koma kansa, tafiye-tafiye suka yi yawa. Alhamis ɗin ta koma sau ɗaya a wata, sannan sau ɗaya a shekara, sannan shiru. Babu faɗa, babu komai. Na'urar mizani ta zo gari, Awwalu ya saya ya koya, sai dai bai taɓa jin daɗinta ba. Da idonsa ya fara yana, ya bar wa wasu warshar, ya koma zaman ƙofar gida.

Bara waccan, da hantsi, wayarsa ta yi ƙara. Muryar ta yi nauyi, kalmomin suna jan ƙafa, amma ya gane ta.

"Ya Usta, ni ne. Shanyewar ɓarin jiki ta same ni, alhamdu lillahi da sauƙi. Wani mutumin Dammam zai sayi koriyar. Ina so ta hau Hada sau ɗaya kafin ta tafi."

Hanan ce ta kai shi Zahir. Ita ce babbar 'yarsa, shekarunta talatin da takwas, kuma tun da aka ba matan ƙasar damar tuƙi take koya musu mota a wata makaranta. Mota mai giya a hannun mahaifinta ta koya. Suka tarar da Sufyan a keken guragu a bakin gareji, gemu fari fat. Tsofaffin biyu suka riƙe hannun juna. An riga an kira makaniki ya tashi injin, an wanke motar tana sheƙi. Awwalu ya durƙusa da ƙyar, ya danna farcensa a jikin taya.

"Waɗannan ba za su hau Hada ba."

"Ko kilomita dubu ba su yi ba, ya Usta. Dubi zanensu."

"Zane ba shi ne riƙo ba, Sufyan. Zafin Makka ya gasa su shekara ashirin, sun zama katako. A kwanar farko za su saki."

Sai da aka yi mako uku kafin a samo tayoyin da suka dace daga Jidda. Awwalu ya ƙi yarda a ɗora motar a kan na'ura, ya sa aka nemo masa zare. Amma tuƙi ya fi ƙarfin idonsa, Sufyan kuma ko shiga motar ba zai iya ba. Hanan ta ce, "Abuya, ni zan tuƙa, kai ka zauna a gefena." Ya gyaɗa kai.

Suka fita da sassafe, Sufyan yana biye da su a wata mota tare da direbansa. Hanyar ta canza, an faɗaɗa ta, ga kyamarori ga alluna. Awwalu ya nemi wasu kwanonin da ya sani ya rasa, an yanke dutsen an miƙe su. Hanan tana ta kokawa da sitiyarin.

"Wallahi nauyi gare shi, Abuya. Haka kuka yi ta fama?"

"Bar shi ya yi nauyi. Ranar da ya yi sakayau, ranar za ki ji tsoro."

Can sama suka shiga hazo, kwalta ta jiƙe. Hanan ta rage gudu ta sauko giya ta biyu kamar yadda ya ce, ta shiga wata doguwar kwana. A tsakiya sai ta ga kwanar tana ƙara matsewa. Awwalu ya ji ƙarar injin ta fara sauka.

"Riƙe ƙafarki, binti. Kada ki ɗaga. Kalli inda za ki fita."

Ta riƙe. Bayan motar ya ɗan tsuguna, tayoyin suka manne, suka fito sumul. Hanan ta saki dariya mai haɗe da tsoro, ta ce da Larabci ta ji abin a bayanta, ta ji motar ta zauna. Awwalu ya juya fuskarsa wajen taga, ya ce hazo ne ya shigar masa ido.

A sama direban ya sauko da keken, aka tura Sufyan kusa da motar. Ya ɗora lafiyayyen hannunsa a kan murfin injin, yana jin ɗuminsa, ƙarfen yana ƙas-ƙas yana hucewa. Ya tambaya nawa suka taka a kwanar hazo. Hanan ta ce arba'in da biyar. Tsofaffin suka kalli juna, Sufyan ya yi dariya har sai da aka goge masa baki. Suka sha shayi, suka yi gardama a kan wace shekara ce ƙanƙara ta tare su a hanya, ba su daidaita ba.

Bayan kwana biyu babbar mota ta zo ta ɗauki koriyar zuwa Dammam. Awwalu bai je ba, gwiwoyinsa sun kumbura saboda durƙuson da ya sha, Mujahida tana gasa masa su da ruwan ɗumi tana faɗa.

Wata guda bayan nan wani baƙon mutum ya kira shi. Mai sayen motar ne, Sufyan ya ba shi lambar. Ya ce yana da tambaya ɗaya a kan iskar taya. Awwalu ya gyara zama a kan tabarma ya fara bayani. Ya yi sama da sa'a guda yana magana, yana kwatanta kwana da hannu kamar mutumin yana gabansa, Hausa tana kuɓuce masa a tsakiyar Larabcin bai ma sani ba. Sai da aka kira la'asar ya ce wa mutumin ya sake kira gobe, akwai sauran maganar birki.