Adadin Shanun Ardo

Yayana malamin dabbobi ne, yana zagaya rugage tsakanin Ƙanƙara da Faskari a kan babur yana yi wa shanu rigakafi. Ni na rubuta masa manhajar da yake shigar da sunan mai garke, inda rugarsa take, da yawan shanunsa. Sai da na gama na farga: duk wanda ya ƙwace wayar nan a hanya ya san garken da zai kora.

Ma'ajiyar bayanan da ke cikin manhajar ba ta da kulle, kowa ya kwafi fayil ɗin zai karanta. Akwai irinta mai rikita rubutu, amma ta ƙi jituwa da yaren da nake rubuta manhajar da shi. In haɗa ta watse, in sake ta watse, sabis kuma sai na hau tudun bayan makaranta. Sati uku! Ranar da na buɗe fayil na ga shirme zalla, alamar kullen ya kama, wallahi har rawa na taka.

Wani Ardo a wajen Mairuwa ya ƙi faɗin yawan shanunsa. Na bi yayana har rugar, na ce, "Baba Ardo, ko ni ba zan iya karantawa ba sai da mabuɗi." Ya ce in rantse, na rantse, ya faɗa.

To ogan su yayana ya ce a buɗe masa ya ga aiki. Aka buɗe. Bawan Allah ya ɗauki hoton shafin da wayarsa, ya watsa a zauren sada zumunta na 'yan gari, wai a shaida ana aiki. Haba jama'a! Sunan Ardo ne a sama, ga ruga, ga adadi.

Na je na sami ogan. "Ranka ya daɗe, ka san su wa ke cikin zauren nan?"

"Ai duk mu ya mu ne, ka cika tsoro," in ji shi. Har da dariya. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Da ƙafata na je na gaya wa Ardo. Bai zage ni ba. Ya tambayi tun yaushe, na ce tun jiya. Ya umarci iyalinsa su kwance maruƙa su ɗaure kaya, sannan ya dubi gonarsa.

"Gerona ya kusa nuna," ya ce. "Ka gaya wa yayanka ya zo ya yanka."