Baba Yahaya a Ƙarƙashin Bondi

Kullum da ya idar da sallar asuba, Baba Yahaya yakan naɗe hannun rigarsa na dama har kafaɗa, ya saɓa tsohon buhun da yake kwanciya a kai, ya haura zuwa rumfar bondi da ke bakin gangaren teku. Duk mazaunin birnin Salvador na ƙasar Brazil ya hau bondi, taragon nan da alfadarai ke ja a kan dogo, amma ban san mutum nawa ne suka taɓa leƙa ƙarƙashinsa ba. Can Baba yake wuni, shekara goma sha ɗaya ke nan. Kafin nan kujerar haya, wadda ake ɗaukar masu kuɗi a ciki, ya ɗauka a kafaɗa a titunan unguwar Pelourinho, tun yana bawa har ya fanshi kansa.

A bayan kowace ƙafar bondi akwai ɗan akwatin mai. A cikinsa akwai mataci na gashin tumaki, wanda ke tace man kafin ya sauka kan sandar ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun. Wanda ya ƙera abin bai yi tunanin hannun ɗan Adam ba. Ya cusa akwatin tsakanin ƙafa da ƙarfen birki, inda ido ba ya kaiwa. Sai mutum ya kwanta rigingine a tsakanin dogo, ya manna kumatu da ƙarfe, ya zura hannu har hammata, ya lanƙwasa wuyan hannu, sannan da yatsa biyu ya lalubi murfin. Baba yakan rufe ido idan yana yi. Ya ce idan ya buɗe, yatsun sai su riƙa jiran idon.

Amma ba canja matacin ne ya bambanta shi da sauran ba. In ya zaro tsohon, sai ya ɗiga man a kan harshensa, ya ɗan goga da haƙori. In ya ji santsi, bondi ya tafi. In ya ji ɗan ƙuras, to sandar ta fara cin kanta, garin ƙarfe ya shiga mai, kuma wannan bondi ba zai fita ba ko da wa ke jira. A baƙin mai ido ba ya ganin garin, yatsun Baba kuwa sun yi kanta tun zamanin kujera. Idirisu direba yakan tsokane shi.

"Baba, yau an sa gishiri daidai?"

"Ya fi miyar gidanku," in ji Baba, yana tofarwa.

A da man zurma ake zubawa. Bara sai masu kamfani suka sauya, aka kawo ganguna na wani farin mai. Tun daga warin Baba ya tsargu, ya je ya tambayi mai kawo kayan. Kitsen alade ne.

Ranar bai iya cin abincin rana ba. Iya Lantana, matarsa, ta zauna tana kallonsa.

"Malam, ka bar aikin mana. Hannu kana wankewa, na sani. Baki fa?"

"Ba zan sa a baki ba."

"To da me za ka gane?"

Washegari ya koma rumfa. Wata biyar yana gwada dabaru. Ya murza a bayan hannu, ya shafa a ɓallen gilashi ya ɗaga wa rana, ya tace a farin ƙyalle. Babu wadda ta kwanta masa. Duk bondin da ya sallama, sai ya tsaya a bakin rumfa yana bin sa da kunne har ya kai ƙasa. Ya rame. Idirisu ya daina tsokanar.

Sai ranar bikin shekara, da mutanen gari ke sauka bakin teku da furanni. Bondi ya cika har matakala: matan Nago, wato Yarabawa, da tirensu na ƙosai, tsofaffi, masu goyo. A bakin gangaren nan ake kwance alfadarai, bondi ya sauka da nauyinsa, birki kaɗai ke riƙe da shi. An riga an kwance su sa'ad da Baba ya ɗaga hannu. Lokacin shigowar bondin ya ji wani siririn kuka daga ƙafar baya ta hagu, sau ɗaya, sannan ya ɗauke.

Shugaban rumfa, wani Bature mai saurin fushi, ya iso yana duba agogo.

"Jiya ka duba shi, tsoho."

"Na duba. Ban yarda da dubawar ba."

"To nuna mini abin da zan gani da idona. In babu, ya tafi yanzu, kai ma ka tafi gida ka huta gaba ɗaya."

Baba ya dubi Idirisu. "Riƙe birkin nan da hannu biyu. Ko uwarka ce ta kira ka, kada ka waiwaya."

"Baba, bari a sa duwatsu a ƙafa tukuna."

"Sa. Amma ka riƙe."

Ya shimfiɗa buhu, ya shige. Mutum hamsin na bisa kansa suna motsi, katako na ƙara, kuma ya san in bondin ya gusa ko da taki ɗaya ne, hannun ya tafi daga kafaɗa. Murfin ya yi zafi. Ya kama, ya suɓuce. Ya sake kamawa, ya sake suɓucewa, don wannan man ya fi na zurma santsi. Wata mata daga sama ta ce, "Wai barci yake yi a ƙasan?" aka yi dariya. A na uku ya samu. Ya zaro matacin a hankali, ya cusa sabo, ya mayar da murfi, ya jawo jikinsa waje.

Matacin baƙi ne kamar kowane. Ya murza, bai ji komai ba. Ya ɗaga wa rana, babu. Shugaban rumfa ya ɗaga wa Idirisu hannu alamar ya saki.

Idirisu ya ce mini abin da ya gani daga inda yake tsaye. Baba ya dubi gangaren har inda ya yi kwana a saman duwatsu, ya dubi mutanen. Ya ce, "Astagfirullah." Sannan ya kai matacin bakinsa.

Ya goga man da haƙori. Da ya tofar, sai ya ce, "A sauke su. Duka."

Aka sauke su suna gunaguni da zagi. Da maƙeri ya kwance ƙafar, sandar ta cinye har ta tsage fiye da rabi. Maƙerin ya ce da wuya ta wuce kwanar. A lokacin Baba yana bakin rijiya yana kurkure baki da toka, har dasashinsa ya yi jini.

Ba wanda ya kai shi ƙara. Shi da kansa ya je wurin dattawanmu ranar Juma'a ya faɗa. Malam Mahmudu, wanda ke ba mu salla, ya ce larura ce, babu laifi a kansa, ya tafi da zuciya ɗaya. Amma wasu suka ce ai da ya kwanta a kan dogo ya hana bondin tafiya, ba sai ya ƙazantar da bakin da yake karatu da shi ba. Ba su faɗa a gabansa ba. Abin da suka yi kawai, in an zo cin abinci bayan salla, inda tsofaffin ke haɗa hannu a akushi guda, sai a zuba masa nasa daban. Yana karɓa ya ce an gode.

Ban taɓa rubuta abin da mutane za su karanta ba, kuma ina tsoron a ce yarinya ta shiga maganar manya. Amma ƙarshen watan nan Baba zai ajiye aiki, kafaɗar ta daina shiga inda take shiga, kuma ban ji wanda ya ce masa komai ba.

Baba, kai ne wanda muka hau bisa kansa shekara da shekaru ba mu sani ba. Kai ne ka tsare bakinka wata biyar cikin fargaba, sannan ka ba da shi don mutanen da ke zaginka, waɗanda yawancinsu ko addininka ba sa yi. Mai hannu a inda ido ba ya kaiwa, mun gode. Allah ya saka maka, ya ba kafaɗar lafiya.

Ku kuma masu aiki a rumfa da tasha da maƙera, in kun ji abin da bai kwanta muku ba, ku ɗaga hannu kamar yadda ya ɗaga, ko da mai agogo na tsaye.

Juma'a mai zuwa Iya Lantana za ta dafa shinkafa da busasshen nama, ta gayyaci kowa. Ta ce abincin zai isa, amma in faɗa muku tun yanzu, akushi ɗaya za ta fitar.