Murhun da Na Ƙona, Kawu Ya Ɗauki Laifi

Ni na yi laifin, ba Kawu Habu ba. A Disambar da nake aji shida ƙanƙara ta karya itatuwa a garinmu McLeansville, kusa da Greensboro a Amurka, aka ɗauke wuta kwana biyu. Murhun da ke ɗumama mana falo ƙananan curin katako yake ci, amma sai da lantarki yake aiki, gama injin da ke tura curin da fankar da ke hura zafin duk wuta suke ja. Ni ke zuba masa buhu kowace safiya, in kwashe toka ranar Asabar. Baba ya zo da ɗabi'arsa ta Kano: "Da an ɗauke wuta, a zare komai daga soket." Shi da kansa ya zare wayar murhun.

Kawu Habu ƙanen Mama ne, mai gyaran lantarki, watansa huɗu da zuwa daga Kano, a ɗakina yake kwana. Shi ya ba ni labarin yadda yaran unguwarsu ke tsere da ihun "An kawo wuta!" Ni da aka haifa a Greensboro ban taɓa yin wannan ihu ba. Na lallaɓa na mayar da wayar, don in riga kowa jin ƙarar fanka. Bayan la'asar wuta ta zo, ta koma, ta sake zuwa da ƙarfi. Sai na ji fat, ƙauri ya cika falo.

Baba ya kwance murfin bayan murhun ya canza fis, bai tashi ba. Ya zaro faifan da ke sarrafa injin, ga shi baƙi ƙirin. Ya tambaya wa ya jona wayar. Na ce na ga Kawu yana taɓawa. Baba ya ce, "Habu, nan ba kasuwar 'yan gwangwan ba ce da za ka koyi hannu a kayana." Kawu ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "A yi haƙuri, Yaya." Kafin bazara ya koma wajen abokai a unguwar Wendover, bai ƙara kwana gidanmu ba.

Yanzu gidana da maɓalli ake ɗumama shi, ba toka ba buhu, ba kuma mai ba ni labari kafin barci. Bara na sami Kawu bayan sallar Juma'a, gemu ya yi fari, na durƙusa a gefen motarsa. "Kawu, ni na jona murhun nan, na yi maka ƙarya kana kallona. Ka yafe mini."