Muryar Ɗan Fari

Muryar ɗana na fari ce ta fara ɓace mini, tun kafin in yarda cewa kunnena ya taɓu. A lokacin ina jin sauran mutane. Mai tallar awara ina jin ta, injin markaɗen maƙwabta ina jin sa har ya ishe ni, autata kuwa ko a cikin rijiya take magana sai an ji. Shi kaɗai ne in ya buɗe baki sai in ji kamar ana gunaguni a bayan katanga.

Ba laifinsa ba ne, ba kuma nawa ba. A Roni aka haife ni, uwata Bafulatana ce, kuma a gidanmu ɗan fari ba a kama sunansa, ba a kallon fuskarsa, ba a zama hira da shi. Ana yaye shi gwaggona ta ɗauke shi ta tafi da shi Babura. Can ya girma, can yake sana'ar hatsi har yau. Adda yake ce mini, wato Yaya da Fulatanci, yadda ya ji ƙannena suna faɗa. Ni kuma in zan ambace shi sai in ce mutumin Babura. Na yi shekaru ina koyarwa a firamare nan Kazaure, kuma duk yaron da ya zo da irin sunansa, da sunan ubansa nake kiran sa har ya gama makaranta. 'Yan zamani suna ce wa wannan ƙauyanci. Su ta shafa. Ni haka na taso, kuma ban taɓa jin ya rage mini son ɗana ba.

Abin da ke tsakaninmu shi ne Juma'a. In an sauko daga masallaci sai ya hau mashin ya taho. Ya cire takalmi tun daga tsakar gida, ya zo ya tsuguna a gefen ƙofar ɗakina, kansa a ƙasa. Ni ina ciki, na ba ƙofa gefe, da faifai a cinya ina tsintar wake ko shinkafa, ko da babu tsakuwa ko ɗaya a ciki. Ya gaishe ni a hankali, in amsa. In gaisuwa ta ƙare sai ya ɗora ɗan labari: ruwa ya sauka a wajensu, gero ya yi kyau ko bai yi ba, 'yarsa ta fara tafiya, mutanen Nijar sun rage shigowa kasuwa. Kamar da ƙasa yake magana, ni ma kamar faifai nake amsa wa. Wannan ɗan labarin shi ne duk rabona a cikinsa, kuma shi nake juyawa a raina har wata Juma'ar ta zagayo.

Da abin ya yi nisa, autata ce ta fasa ƙwan. Ta ce sai ta yi ta kira kafin in waiwayo, rediyo kuma na ƙure shi har maƙwabta suna jin labarai kyauta. Na wanke ta tas, sannan na bi ta asibiti. Aka wanke kunnen, aka ce datti ne. Mai kemis ya ba ni na ɗigawa. Wata maƙwabciya ta kawo man shanu mai ɗumi, wata ta ce iska ce, a yi hayaƙi. Duk na yi, don ni ba na raina magani. Ran kasuwa kuma wani mai sayar da tabarau da agogo ya zaro wani ɗan abu daga leda, ya rantse mini cewa wannan abin, ko kurma ne ya sa sai ya ji. Ina maƙala shi ya ɗauki wani fito mai tsini da na ji har cikin haƙorana. Komai ya ƙara masa ƙarfi, amma magana ba ta fito ba. Na jefa shi cikin kwalla, yana nan har yanzu.

Mutumin Babura ne ya ce a kai ni Kano. Auta ya faɗa wa, ita ta faɗa mini. Muka yi sammako zuwa wani babban asibiti, muka wuni a layi, aka ce injin gwaji ya lalace, a dawo. Muka dawo, aka ce mai gwajin ya tafi kwas. Daga ƙarshe wata mata a kan benci ta yi mana kwatancen wani ƙaramin wuri a saman bene, inda ba a duba komai sai kunne. Nan na sami wata yarinya 'yar Kudu, Kirista, Hausa a bakinta kamar a Kano aka yanke mata cibiya. Ta sa ni a wani ɗan ɗaki mai taga ta gilashi, ta kifa mini abu a kunnuwa, ta ce duk lokacin da na ji ƙara in ɗaga hannu. Na zauna ina kallon yatsanta yana latsa maɓalli, yana sake latsawa, hannuna yana kan cinya bai motsa ba. Nan ne na ji tsoro na gaske.

Yarinyar ta san aikinta, kuma ba ta yi mini ƙarya ba. Ta ce jijiyar ce ta gaji, ba za ta dawo ba, amma na'ura za ta taimaka in aka saita ta daidai da kunnena. Ta ɗauki awon ramin kunnen, bayan wani lokaci muka koma ta maƙala mini guda biyu, ta yi ta daidaita su a kwamfuta tana tambaya ta. Ta ce farko zan tsane su, in daure, kuma in riƙa dawowa ana gyara saitin. Sai ta jawo kujera ta zauna daf da ni.

"Mama, abin nan rabin aiki yake yi," in ji ta. "Sauran rabin na ido ne. Duk wanda zai yi miki magana ya zo gabanki, cikin haske, ya buɗe murya, ke kuma ki kalli bakinsa."

Auta ta tuntsire da dariya. Ni ban yi ba. Mutumin da na zo dominsa yana can ƙasan bene cikin mota, ya ƙi hawowa don kada a duba ni a gabansa.

Tsana kam na tsane su. Ashe duniya haka take da surutu ban sani ba. Taunata da kaina sai in ji kamar akuya tana cin ƙaiƙayi. Cokali ya faɗi in zabura. Abin da ya fi ci mini rai hijabi ne: da na motsa kai sai ya goga a jikin na'urar, ya yi ta ƙarar leda a cikin ƙwaƙwalwata. In zafi ya zo gumi ya shiga ciki ta ɗauke. Duk alwala sai na cire, in nemi inda zan ajiye, in share kunne, in mayar, kuma yatsun tsufa ba sa son ƙaramin abu. Batirinta ba na agogo ba ne, na zagaye shagunan Kazaure ban samu ba, sai an ba direba saƙo daga Kano, wani lokaci ya kawo wanda bai shiga ba. Duk na jure, saboda Juma'a.

Juma'ar farko na yi wanka na sa su tun hantsi. Na ji tsayuwar mashin ɗinsa a ƙofar gida, abin da na daɗe ban ji ba. Na ji sallamarsa. Na ji ƙarar takalminsa da ya cire. Ya tsuguna ya fara magana, sai fanka ta taso, kaji suka taso, wata mota a titi ta taso, hijabina ya kama nasa aikin. Muryarsa tana nan a ƙarƙashinsu duka, ina jin tashinta da saukarta, amma kalma ɗaya ban tsinta ba. Gaisuwa na san jerinta, na amsa a inda ya kamata. Labarin kuwa ya wuce ni kamar yadda ya saba.

Na ce saiti ne. Muka koma Kano, muka hau benen nan da ƙyar, aka ce yarinyar ta bar aiki, ta samu wani wuri a nesa. Wani saurayi ne a kujerarta, waya a hannu. Na yi masa bayani cewa murya ɗaya nake nema, ƙarama, ta namiji, daga gefe. Ya ce ba matsala, ya ƙara ƙarfin duka. Na dawo gida fanka ta zama jirgi. Da na sake komawa sai na tarar da kwaɗo a ƙofa, masu shagon ƙasa suka ce masu wurin sun tashi, ba su san inda suka koma ba. Ba a jima ba ta kunnen hagu ta mutu, kuma babu wanda ya san cikinta a duk inda muka tambaya. Mai gyaran waya ya buɗe ta, ya kalla, ya rufe, ya ba ni haƙuri.

Auta ba ta da alkunya ko ta sisin kwabo, ta tare yayanta a zaure ta ce masa ya riƙa ɗaga murya, likita ce ta ce. Ya gwada, bawan Allah. Mutumin da bai taɓa yi mini magana sama da raɗa ba bai san inda tsakiya take ba. "An wuni lafiya" ta fito masa kamar tsawa, har kajin suka watse. Na ji kunyarsa ta cika ɗakin, ta haɗu da tawa. Bai ƙara ko kalma ba ya tashi. Juma'ar da ta biyo baya, matarsa ya aiko da gero da man gyaɗa, wai mashin ne ya samu matsala. Na san babu abin da ya sami mashin. Na ce wa auta in ta sake sa baki a tsakaninmu sai na saɓa mata.

Sai na ce to, bari ni in yi nawa rabin. Da ya dawo, ya tsuguna, na ajiye faifai na juya kujerata na fuskanci ƙofa. Ban san yadda zan kwatanta nauyin wannan juyawar ba, gara a ce in ɗauki buhu. Na kalle shi. Ashe furfura ta fito masa a gemu. Ashe yana da tabo a goshi, ban san ranar da ya ji ciwon ba, ban san wa ya wanke masa ba. Ya ji idona a kansa sai ya ƙara sunkuyawa, har ba na ganin komai sai saman hularsa.

"A ɗago kai mana," na ce.

Ya ɗago a firgice, idonmu ya haɗu.

"Adda, na yi wani laifi ne?"

Wannan kam na ji ta sarai, don tsoro ya buɗe masa murya. Na ce babu. Na so in ce bakinka nake son gani, amma harshena ya ƙi. Ta yaya zan ce wa ɗan fari haka? Na juya kujerata na ɗauki faifai, waken yana zubewa. Ban sake gwadawa ba, shi ma bai sake ɗagowa ba.

Bayan haka auta ta yi aure ta koma Gwiwa, gidan ya rage daga ni sai 'yan haya a ɗakunan waje. Na'urar dama tana aiki ran da ta ga dama. Yana zuwa, ina amsa gaisuwa bisa lissafin numfashinsa, in ya ɗora labari in ce madalla, in ce Allah Ya kyauta, in ce haka ne. Wani lokaci ina jin haushinsa, wani lokaci nawa, wani lokaci na waɗanda suka koya mana. Haushin bai taɓa buɗe mini kunne ba.

Wata Juma'a cikin daminar bana ya zo da wuri, ya gaishe ni. Sannan ya fara magana. Tun da aka haife shi bai taɓa yi mini magana mai tsawon wannan ba. Muryar tana tafiya, ta tsaya, ta ci gaba, ta karye, ta sake tashi. Ta gefen ido na ga ya kai hannun rigarsa fuska ya goge. Na danna na'urar da yatsa har kunnena ya yi zafi, na riƙe hijabin don kada ya motsa, na daina numfashi. Ruwa yana ɗiga a kan kwanon rufi. Ban ji ko ɗaya ba.

Ya gama, ya jira. Ina iya cewa a maimaita. Amma mutum ya tara ƙarfin shekara da shekaru ya sauke abin da ke ransa, ba a ce masa ya sake ɗauka ya sauke. Na nemi addu'ar da za ta dace da ciwo, ta dace da asara, ta dace da neman gafara.

"Allah Ya isar maka, Ya yi maka albarka," na ce. "Ni na yafe, in ma akwai abin yafewa."

Ya ce amin, wannan na gane ta. Ya daɗe a tsugune kafin ya tashi.

Ban tambayi auta ba, ban tambayi matarsa ba. Da yana son wani ya ji, da ya zo da shi. Ko ciwo likita ya gano masa, ko kasuwa ce ta karye, ko kuwa wata magana ce da ya riƙe tun ran da aka tafi da shi Babura, ban sani ba. Na zuba ido ko zan ji wani abu daga bakin dangi, shiru. Yana nan yana zuwa duk Juma'a, har tafiyarsa ta yi sauƙi kamar wanda ya ajiye kaya. Bai sake tayar da maganar ba, kuma ba zai sake ba, don a wajensa an gama. Ya faɗa wa uwarsa, ta ji.