Mitar Baba Filibus

Baba Filibus Kazah mutumin wajen Zonkwa ne, amma shekararsa arba'in da 'yan kai a Kaduna. Da ya zo, a masaƙa ya samu aiki, can Kakuri, yana tuƙa wani manaja Bature. Da masaƙar ta rufe, manajan ya koma ƙasarsu, ma'aikata suka watse, wasu suka koma gona, wasu suka kwanta ba su ƙara tashi ba. Shi Filibus abin da ya fito da shi daga wurin shi ne motar da yake tuƙawa, doguwa mai buɗaɗɗen baya, mai shan dizal. Ya cire kujerun baya, ya shimfiɗa katifa biyu na soso, ya shiga dakon ƙwai.

Kullum ban da Lahadi, zai ɗauko ƙwai daga gidajen kaji na bayan Kamazou, inda yake zaune, ya raba wa shaguna a Barnawa da Unguwar Mu'azu. Matarsa Damaris tana gaba kusa da shi, ya sauke ta a rumfarta ta kayan miya, da yamma ya ɗauko ta. Haka suka yi shekara ashirin. Ba mai yawan magana ba ne, amma idan ka shiga motar sai ya nuna maka mitar da ke ƙirga tafiya. Kilomita dubu ɗari takwas da goma sha biyu. Ba ya ƙara komai a kai. Yana nunawa ne kawai, ya dube ka, ya jira ya ga ko ka gane.

A bara ne abubuwa suka haɗu masa. Dizal ya yi tsadar da ko masu manyan motoci suna kuka. Ƙasan motar ya ruɓe, hayaƙi yana shigowa ta ƙarƙashin ƙafar Damaris, har tari ya kama ta ya ƙi saki. Sai wata Talata giya ta ƙi shiga a kan hanyar Barnawa, aka turo motar gida. 'Yarsu Jessica, wadda take aikin jinya, ta zo ta ɗauke makullin daga kan ƙusa ta jefa a jakarta.

"Baba, Mama ba za ta ƙara shiga wannan motar ba. Ka nemi mai fetur."

"Ke kika saya mini ita?"

"A'a. Amma ni nake jin ƙirjin Mama."

Ya fita ya zauna a gindin mangwaro kusa da motar, ransa a ɓace.

Babbar mai sayen ƙwansa ita ce Mama Dorcas, mai shago a Barnawa, wadda masu shayi da masu kek suke saye a wurinta. Rabin lodinsa nata ne. Ta kira shi a waya ta ce, "Baba, sati ɗaya zan iya riƙe maka wurinka. Bayan nan akwai mai kawo ƙwai a keke mai ƙafa uku da yake ta zarya a nan, ni kuma ba zan rufe shago ba." Ya ce ya ji.

Washegari ya tafi wurin Jethro, dillalin motoci a bakin titin Barnawa. Jethro ɗan marigayi abokinsa ne na masaƙa, kuma Filibus ne ya riƙe shi ranar da aka yi masa baftisma. Yanzu ya yi ƙiba, yana da waya biyu, yana kiran kowa ciyaman.

"Baba na kaina! Yau dai tsohuwa ta yi ritaya? Zo ka ga yara. Wannan, wata likita ce ta hau ta a Turai, daga gida sai asibiti. Dubi mita, dubu saba'in da huɗu."

Filibus bai dubi mitar ba. Ya buɗe ƙofa, ya zauna, ya cire takalminsa na dama ya ajiye a ƙasa. Ya ɗora tafin ƙafarsa a kan birki, ya shafa a hankali, ya koma kan totur. Robar ta cinye har ƙarfe ya fito, sumul kamar bayan cokali. Ya shafa sitiyari inda hannu yake zama, ya danna gefen kujera.

"Likitar nan," in ji shi, "asibitinta a wata ƙasa yake?"

"Haba Baba."

"Ina tambaya ne. Wataƙila da ƙafar ƙarfe aka haife ta."

Suka wuce ta biyu. Ita robar birkinta sabuwa ce fil, har da ƙanshin kanti, alhali bel ɗin kujera ya yi gashi don tsufa. Filibus ya fito ya sa takalminsa, ya ce wannan ta fi ta farko rashin kunya, domin ta farko ƙarya kawai ta yi, wannan kuwa har wanka ta yi kafin ta yi ƙaryar. Sauran dillalai da ke zaune a benci suka yi dariya. Shi bai yi ba.

Ta uku ce ta tsayar da shi. Doguwa ce ita ma, ruwan toka, kujerun baya suna kwanciya. Ya auna bayan da taƙi, ya ga za ta ɗauki kiret arba'in. Ya sa aka tayar da ita, ya dafa injin da tafin hannu, ya tsaya yana sauraronsa har Jethro ya gaji da tsayuwa. Mitarta ta ce dubu tamanin, ƙafarsa ta ce masa ta kusa dubu ɗari biyu da hamsin. Amma injin lafiyayye ne, kuma ƙaryar ba ta Jethro ba ce, tun daga bakin teku inda ake sauke motocin aka yi ta. Ya ga zai iya zama da ita. Suka shirya a kan musaya: ya kawo tsohuwar, Jessica ta yi ciko, ya ɗauki wannan ranar Juma'a.

Ranar Juma'a aka jawo tsohuwar da igiya zuwa Barnawa. Filibus ya tsallaka titi ya sayo goro, ya tsaya gaisawa da wani tsohon abokin aiki. Da ya dawo sai ya tarar da ƙofar motarsa a buɗe, wani mutum ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari da sukudireba, ya riga ya kwance kusoshi biyu na allon mita.

"Kai, me kake yi a nan?"

Mutumin ya leƙo ya nuna Jethro da haɓa.

"Ɗan gyara ne, Baba," in ji Jethro. "Na samu mai saye, wani manomin citta daga Kachia, yana hanya ma. Za mu haɗa giyar, mu liƙe ƙasan, mu mai da mitar dubu ɗari biyu. Ba wanda zai kalli mota mai dubu ɗari takwas."

"Ku mai da ita," in ji Filibus.

"Lamba ce kawai, Baba. Kowa haka yake yi. Wadda za ka ɗauka ma ai ka sani."

Filibus ya daɗe yana kallonsa. Waɗanda suka san shi sun ce idan ransa ya ɓaci sosai muryarsa ƙasa take yi, sai ka matso kafin ka ji. Ya ce, "Dubu ɗari shidan da za ka cire, ina za ka kai su? Da su na kai ubanka asibiti sau goma sha ɗaya. Da su na kai gawarsa gida, kana baya kana riƙe da akwatin don kada ya zame a kan gargada. Wanne daga ciki ne ba a yi ba?"

"Baba, kada ka kawo maganar Dadi a nan. Kasuwa ce."

"Fito," Filibus ya ce wa mai sukudireba. "Mayar da kusoshin kafin ka fito."

Ana cikin haka manomin ya iso, wani dogo mai suna Ernest, da ƙurar hanya a wandonsa. Jethro ya tare shi da fara'a, amma tsohon ya riga shi. Ya kama hannun Ernest ya kai shi gaban motar, ya nuna masa lambar, ya ɗaga tabarmar ƙasa ya nuna masa ramin da ake hango kwalta ta ciki, ya gaya masa giya ta biyu ta mutu kuma tana shan baƙin mai duk kwana uku. Ya ce injin kam zai iya ƙara shekara biyar idan ba a yi masa wulaƙanci ba. Ernest ya saurara, ya yi godiya, ya ce zai yi shawara da ɗan'uwansa. Ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

Jethro ya jefa makullin motar ruwan toka a aljihu. "Ka kore mini mai saye a gaban mutane. To babu musaya. Ka ja kayanka."

"Da igiyata na zo," in ji Filibus.

A gida Damaris ba ta ɗaga murya ba, ita ma ba halinta ba ne. Ta ajiye masa tuwo, ta zauna nesa kaɗan tana tari. Can ta ce, "Baban Jessica, manomin nan ɗan'uwanka ne?"

"A'a."

"Dorcas fa, ka san ranar da ta ce?"

"Na sani."

"To. Ina tambaya ne kawai, don in san wanda muke yi wa aiki."

Ya ture kwanon. Haushin da ya fi ci masa rai shi ne ya san tana da gaskiya, shi ma yana da ita, kuma tasa ba ta ɗaukar ko kiret ɗaya.

Satin ya cika ba mota. Ranar Lahadi bayan sujada wani dattijon coci ya haɗa shi da Madam Scholastica, tsohuwar shugabar makaranta 'yar Binuwai, wadda idonta ya raunana ta daina tuƙi. Motarta ƙarama ce mai shan fetur, fentin rufin ya ƙone, ƙofa ɗaya launinta daban. Filibus ya cire takalmi ya ɗora ƙafa. Robar ta cinye, mitar kuma ta ce dubu ɗari uku da tara. Ya sake shafawa, ya sake duba lambar. Madam ta tambaye shi ko wani abu ne ya lalace. Ya ce a'a, babu komai, ya daɗe bai ga irinta ba ne.

Kiret goma sha takwas take ɗauka, ko da an cire kujera. Jessica ta ce da wannan gara keke. Ya ce ita yake so. Kafin a gama takardu a sa mata tayoyi, kwana goma sha biyu sun wuce a kan ranar da Dorcas ta yanka.

Ya isa shagonta da safe. Kiret-kiret na ƙwai suna jere a bakin ƙofa har tsayin ƙirji, na mai keke. Dorcas ta fito tana goge hannu a zani, ta gaishe shi har da rusunawa, ta tambayi jikin Mama. Ta dubi motar, ta kau da ido.

"Baba, na jira har kwana tara. Yanzu na riga na ba mutumin nan magana, yana da iyali shi ma." Ta leƙa bayan motar. "Kawo biyu dai."

Ya san biyun nan ba don tana bukata ba ne. Ya so ya ce ta bar su. Ya tsaya da hannunsa a kan ƙofar bayan motar. Sannan ya ɗauko kiret biyu, ya kai har cikin shagon da kansa, bai bari kowa ya karɓa ba.

Sauran goma sha shida ya nufi Unguwar Mu'azu da su. Tsofaffin shagunansa uku suka ɗauki tara. Ya shiga wani layi da bai taɓa sayarwa a ciki ba, ya tsaya a gaban wani sabon kanti, ya kashe mota. Wata mata tana ciki tana danna waya, ba ta san shi ba, ba ta kuma ɗago ba. Yana da shekara sittin da takwas. Ya gyara hularsa, ya yi sallama, ya ce, "Madam, ina kawo ƙwai. Kullum nake zuwa, ban da Lahadi."