Fuskar Kofur Haladu

Wallahi abin da zan gaya muku da ni ya faru, a shekarun da nake jan tankar ruwa daga Gusau zuwa wani sansanin soja bayan Tsafe, lokacin da 'yan bindiga suka hana mutane noma.

Wanda ke raka ni kullum Kofur Haladu ne, mutumin Nahuce. Ɗan manomi ne, ya shiga soja ba da son tsohonsa ba, ya yi yaƙi a Borno har harsashi ya ɗauke masa yatsu biyu, sannan aka maido shi gida wai ya huta. Yakan ce, "Hutun ke nan, Direba. Ina gadin ƙasar da aka haife ni, kuma ba ni iya shiga in yi huɗa." Ba shi da surutu, ni ma haka, shi ya sa muka shaƙu. Sai dai in mun wuce gero ya leƙa ya ce, "Mai gonar ga rago ne, bai yi maimai ba."

Wata la'asar da damina, a hanyar Bilbis, 'yan bindiga suka buɗe mana wuta. Muka bar motar muka faɗa daji, yana harbi yana tura ni gaba, yana cewa in tafi tunda ba ni da bindiga. Da ya cim mini yana dafe da ciki. A gindin wata kirya ya cika, da kalmar shahada a bakinsa.

Ban iya ɗaukarsa, ban kuma iya bar wa ungulu shi. Na samu galma a wata bukkar gona da aka gudu aka bari, na haƙa. Kun san yadda muke yi: kai kudu, a kan dama, fuska gabas. To hadari ya rufe sama, ba rana ba inuwa, na yi kirdado na sa kansa wajen kiryar, na rufe shi da kakinsa. Washegari ina can nesa rana ta fito ta inda nake kira yamma. Innalillahi! Ashe na sa bawan Allah ya ba alƙibla baya.

Da na fito gari sai na ɓoye maganar. Na ji tsoron a ce ni na sayar da shi, don an sha kama direbobi da irin wannan, sai na ce wa sojoji mun rabu cikin daji. Aka ce ya ɓata.

Bayan sati biyu ina sallar azahar gefen mota a tashar Gusau, na tabbata gabas na fuskanta na yi kabbara, ina sallamewa na ga yamma nake kallo. Wani abokina mai faci ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce, "Kai, Makkarka ta koma Sakkwato ne?" Na sake sallar, aka sake juya ni. In ina cikin sahu lafiya lau, in ni kaɗai ne sai an juya ni, kuma ban taɓa jin lokacin da ake yi ba. Wata uku ina cikin haka, har na rame.

Ƙarshe na hau mota zuwa Nahuce, na iske yayansa Malam Sani a zaure, na faɗi komai. Ya ce, "Ka rufe shi, ko ka bar shi?" Na ce na rufe. Ya ce, "To tashi mu gaya wa Inna, ta daina ajiye mishi tuwo."

Sojoji suka tsare ni kwana biyu suna tambaya, sannan suka ce in kai su, za su maido shi Gusau a binne. Muka je da hantsi, rana tarwai, da Malam Sani. Ga kiryar nan arewa da kabarin, ga tudun yadda na bar shi, ciyawa ta rufe shi, babu alamar hannun kowa. Na nuna gindin itacen na ce nan kansa yake. Aka tona a hankali, sai takalma suka fito. Kansa na kudu, yana kan damansa, fuska gabas.

Malam Sani ya dafa ni ya ce, "Ruɗewa ka yi, tun farko daidai ka sa shi." Ban yi musu ba. Amma ni na tallabe kan nan na ajiye shi jikin saiwar kiryar, da hannuna na gyara masa hula a wurin.

Ban san wa ya juya shi ba, kuma ban tambayi malamai ba. Shawarata dai, in Allah ya sa mutuwar wani ta faɗo hannunka, ko tsoro zai kashe ka, je ka gaya wa danginsa. Ni tun ranar ba a sake juya ni ba, amma har yau in zan yi salla ni kaɗai, sai na ce wani ya tsaya yana kallona.