Dawar Gidanmu da Tauraron Gwamnati

Duk sanda aka tayar da zancen tauraron ɗan'adam ɗin nan da gwamnati ke harbawa sama, ni dawa nake tunawa. Wannan ya ce ɓarnar dukiya ce, wancan ya ce ci gaba ne.

A ƙauyenmu, can gefen Gubuchi, muna da wata farar dawa wadda ba a samun irinta a kasuwa. Kakanmu ne ya bar wa Baba ita, shi ma gadonta ya yi. Zangarniyarta doguwa ce, tuwonta fari tas, ɗumamensa ma ya fi sabo daɗi. Kowace kaka Baba da kansa yake bin gona yana zaɓar kawunan da suka fi cika, a ɗaure su a rataye a madafi don hayaƙi ya kori ƙwari. Dokarsa ɗaya ce: ba a zuba iri duka a ƙasa. A shuka rabi, a ajiye rabi, ko da sama za ta yi gardama.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Makarfi, sai ƙarshen mako nake zuwa gida. Da aka faɗa a rediyo cewa za a zuba kuɗi a binciken sararin samaniya, babu wanda ya kai ni kumfar baki a teburin mai shayi. "Haba jama'a! Hanyar garinmu mota ba ta bi da damina, ɗalibaina a ƙasa suke zama, sannan a ce sama za a tafi? Me muka ajiye a can?" Har gobe ban janye rabin wannan magana ba.

Shekarar da abin ya faru ta biyo bayan shekarar tsada ce, gidaje da yawa sun cinye irinsu tun kafin bazara. Sai ga shamuwa ta sauka a kan kukar bakin masallaci, ba a jima ba aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Baba ya tona ƙasa da hannu, ya ga laima ta shiga sosai, ya ce ruwan shuka ne. Muka shuka rabinmu.

To a wurinmu iri ba a sayar wa maƙwabci, ba a kuma hana shi. Mutum zai yi sallama, a gaisa, a tambayi iyali da gajiya da ruwa, sai can ya ciro 'yar ƙwarya daga ƙarƙashin riga yana sunkuyar da kai. Haka suka yi ta zuwa, Baba yana ɗiba. Inna ta leƙo daga madafi ta ce, "Malam, ajiyar fa kake taɓawa."

"To in ce musu me?" in ji Baba. "Ai ba ɓata za ta yi ba. In ta bazu a gari, ko tawa ta mutu, na samu a gonar wani."

Wallahi a lokacin ni ma na ga hikimar maganar. Babu wanda ya kawo a ransa cewa duk garin rana ɗaya ke gasa shi.

Dawa ta tsiro gwanin sha'awa, sai sama ta ɗinke. Hadari ya haɗu da la'asar baƙi ƙirin, mu kwashe shanya, iska ta zo ta watsa shi. Aka fita roƙon ruwa, aka yi sadakar gumba, shiru. Tsiron ya murɗe ya koma kamar tsinken tsintsiya. Tamu ta mutu, ta maƙwabta ta mutu, a madafi kuma babu ko zangarniya ɗaya.

Bayan an gama asara ne malamin gona ya iso a kan babur. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya jajanta, sannan ya ce, "Baba, ai an san da farin nan. Masu duba yanayi sun hango shi tun da rani ta hotunan tauraro. An ce kada a yi shuka da ruwan farko."

Na ce, "An ce wa wa?"

Ya ce a birni aka yi taro aka faɗa, su ma an sanar da su a ofis, amma ba a ba su man zagaya ƙauyuka ba. Kai! Na miƙe tsaye. Na ce masa wannan shi ne ihu bayan hari, gara ma da ya yi zamansa bai zo ya ƙara mana ciwo ba. Baba ya ɗaga mini hannu ya ce, "Zauna, ba shi ya riƙe ruwan ba." Sannan ya juya ga baƙon. "Ɗana, wato daga can sama ana ganin abin da zai samu gonata?" Malamin ya ce ana dai ganin tafiyar girgije da iska, sauran na Allah ne. Baba ya jinjina kai, ya sa aka kawo masa fura.

Tun ranar bakina ya mutu a teburin mai shayi. In na ce a daina kashe kuɗin, to ga shi na'urar ta ga abin da shamuwa ba ta gani ba, kuma da maganar ta iso, da Baba ya ce wa maƙwabta su dakata. In kuma na ce a ci gaba, wa aka yi wa aikin? An iya kai ƙarfe sama, an kasa kawo magana ɗaya Gubuchi. Wannan shi ne abin da ke ci mini rai har yau.

Da ruwa ya dawo muka shuka irin kamfani, mai jan magani a jiki. An samu abinci, alhamdu lillahi. Amma Baba bai haƙura ba. Ya bi dangi har Ikara yana cigiya. Ranar kasuwa ya sa in goya shi a babur zuwa Hunkuyi, ya yi ta cusa hannu a buhuna, ya ɗebo ƙwaya ya ciza ya tofar, har 'yan kasuwa suka fara yi masa tsiya, wai tsoho ɗanɗano ya zo yi. A ƙarshe wata tsohuwa ta kwance bakin zaninta ta ba shi cikin tafi na wata farar dawa. Ya duba, ya ciza, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce ita ce.

Da damina ta zagayo ya shuka ta a bayan gida, ya kewaye da ƙaya saboda awaki, kullum yana can. Da ta fitar da kai aka aiko mini in zo. Na same shi tsaye a cikinta, ya kamo zangarniya ɗaya gajeriya, curarriya. Ya daɗe yana juya ta.

"Ba ita ba ce," ya ce.

Na ce ko mu gwada wajen Kudan, akwai ƙauyukan da ba mu shiga ba. Ya saki zangarniyar, ya karkaɗe hannunsa.

"Bari kawai. Baɗi ka sayo mana duk irin da ka samu."